Yadda ake cin moriyar burauza sosai a waya da kwamfuta

Yawancin masu kawo min waya ko laftof da kukan cewa intanet ta yi musu nauyi, ko data na ƙarewa ba su san inda take tafiya ba, in na buɗe burauzarsu sai in tarar matsalar tana nan ciki zaune, tab, wato shafukan da ake buɗewa a jere a cikin burauza, rututu a buɗe tun watannin baya, shafukan da mutum bai ma san su ba suna ta turo masa notifikeshan, ita kanta burauzar rabon da a sabunta ta tun ranar da aka sayo na'urar. Abin yana damuna gaskiya, domin wannan manhajar ita ce muka fi wuni a ciki, amma ita ce kuma ba wanda ke zama ya gyara mata zama. Gyaran nan bai wuce na awa ɗaya ba, sauran kuma ɗabi'u ne da hannu zai saba da su a hankali.

Kafin mu shiga, abu ɗaya da ya kamata ka rarrabe: burauza ita ce manhajar da kake buɗewa, irin su Chrome, Firefox, Edge, Safari, Opera, Brave ko Samsung Internet. Google da Bing da DuckDuckGo kuwa injinan bincike ne, shafuka ne da kake shiga ta cikin burauzar, kuma kana iya canza wanda kake so. Sannan Chrome da Edge da Opera da Brave da Samsung Internet duk a kan tushe ɗaya aka gina su mai suna Chromium, shi ya sa in na yi bayanin Chrome za ka ga kusan haka yake a sauran, sai ɗan bambancin suna. Firefox da Safari su ne ke da nasu injin daban.

Abubuwan da za ka tanada

Waya ko kwamfuta mai isasshen caji. Intanet mai ɗan ƙarfi, in da hali Wi-Fi saboda sabuntawa na cin data. Akawun ɗin da ya dace da burauzarka, wato Gmail in Chrome ce, akawun ɗin Mozilla in Firefox ce, na Microsoft in Edge ce, na Apple in Safari ce. Biro da takarda don rubuta babban faswod ɗinka ka adana. Sai burauza ta biyu da za ka ajiye a gefe, za ka ga amfaninta a ƙarshe. In ba ka da akawun ko ba ka son buɗewa ba komai, tsallake mataki na 2 kawai, sauran duk za su yi maka aiki.

Mataki na 1: Zaɓi guda ɗaya ka sabunta ta

Kar ka ɓata lokaci wajen muhawarar wacce ta fi, duk manyan nan suna aiki lafiya. In ka fi damuwa da sirri da toshe talla ni Firefox nake ba mutane shawara, in kuma duk harkokinka a Gmail da YouTube suke to Chrome ta fi maka sauƙi, mai iPhone kuma Safari ta ishe shi. Wanda ya kamata ya tashi tsaye shi ne mai amfani da Internet Explorer har yanzu, Microsoft ta yi mata ritaya tun 15 ga Yuni 2022, Edge ce ta gaje ta.

A kwamfuta danna ɗigo ukun da ke sama ta dama a Chrome, ka je Help sannan About Google Chrome, da kanta za ta duba ta sauke sabon, sai ka danna Relaunch. A Firefox layi uku ne maimakon ɗigo, Help sannan About Firefox. A waya ta Play Store ko App Store ake yi, ita Safari tana sabuntuwa ne tare da iOS ɗin gaba ɗaya.

Kuskuren da aka fi yi a nan: shafi ya buɗo maka wani babban rubutu cewa burauzarka ta tsufa ka danna nan ka sabunta, kar ka kuskura. Ba a sabunta burauza ta cikin wani shafi, wannan tarkon 'yan kutse ne. In kuma kwamfutarka Windows 7 ce ko 8.1, ka sani Chrome 109 na Janairun 2023 shi ne na ƙarshe da aka yi musu, don haka irin wannan na'urar a yi karatu da kallo da ita amma harkar banki a koma waya.

Daga nan ka shiga saitin na'urar ka mayar da wadda ka zaɓa ta zama tsayayyar burauzarka, yadda duk linkin da ka taɓa daga imel ko WhatsApp a cikinta zai buɗe.

Mataki na 2: Shiga akawun, ka bar ta ta riƙe maka faswod

Ka shiga Settings ka sa akawun ɗinka ka kunna Sync. Amfaninsa shi ne bukmak ɗinka, wato adireshin shafukan da ka adana, da faswod da tarihin shafukan da ka shiga za su bi ka duk na'urar da ka hau, ko wayar ta ɓace ko ta faɗa ruwa kana sayen wata ka shiga akawun komai zai dawo, kuma shafin da ka fara karantawa a laftof kana iya ƙarasa shi a waya.

Batun faswod kuwa, na san akwai masu tsoron barin burauza ta adana musu, amma abin da ya fi haɗari nesa ba kusa ba shi ne abin da akasarin mutane ke yi, faswod ɗaya tal a Facebook da imel da banki da ko'ina, ranar da aka fasa rumbun wani ƙaramin shafi aka kwashe sunaye to ɓarayin za su ɗauki imel ɗinka da faswod ɗin nan su riƙa gwadawa a sauran wurare ɗaya bayan ɗaya. Don haka duk sanda kake buɗe sabon akawun ka karɓi dogon faswod ɗin da burauzar ta ƙirƙiro maka ka bar ta ta adana. Wanda za ka haddace guda ɗaya ne, na babban akawun ɗin, shi za ka rubuta a takarda ka ɓoye, kuma dole ka kunna masa tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan faswod sai an nemi wata shaida ta biyu kamar lambar da za a turo wayarka. Wayar da laftof ɗin su ma a sa musu makulli, in ba haka ba duk wanda ya ɗauka ya samu komai a buɗe.

Gargaɗi: kwamfutar da ba taka ba, ta ofis ko makaranta ko ta aboki, kar ka kunna Sync a kai, in ta tambaye ka ko ta adana faswod ka ce a'a. In kwamfuta ɗaya kuke rabawa a gida, danna ɗan hoton da ke sama ta dama ka ƙara Profile, kowa ya samu nasa da bukmak ɗinsa da tarihinsa, ba mai shiga na wani bisa kuskure.

Mataki na 3: Koyi aiki da sandar adireshi

Dogon akwatin nan na sama ba sai ka fara buɗe shafin Google ba kafin ka yi bincike, rubuta abin da kake nema a ciki kai tsaye. A kwamfuta Ctrl da L zai kai ka can ba tare da taɓa mawus ba. Yana lissafi ma, rubuta 45*12 ka ga amsa ta fito tun kafin ka danna Enter. Masu Mac duk inda na ce Ctrl su sa Cmd a mafi yawan lokuta.

Dabarun bincike huɗu nake so ka riƙe, su kaɗai sun isa su canza maka yadda kake samun abu. In kana neman jimla daidai yadda take, sa ta tsakanin alamun zance "kamar haka". In akwai kalmar da ke cika maka sakamako da shirme, sa alamar ragi a jikinta ba tazara, misali jaguar -mota zai kawo maka dabbar ya bar motar. In a cikin shafi ɗaya kake son nema, rubuta site:wikipedia.org sannan abin da kake nema. In takarda kake so ka sauke, ƙara filetype:pdf a ƙarshe, ɗalibai wannan naku ne musamman.

Akwai kuma wanda mutane da yawa ba su sani ba, a Chrome ta kwamfuta in ka rubuta @history ko @bookmarks ko @tabs ka danna sarari, binciken zai koma cikin tarihinka ko bukmak ɗinka ko tab ɗin da ke buɗe. A Firefox alamar ^ ce ta tarihi, * ta bukmak, % ta tab.

Ka kula da sakamakon farko-farko da aka rubuta wa Sponsored, talla ne wani ya biya aka ɗora shi a sama, kuma 'yan damfara kan sayi irin wannan gurbin da sunan banki ko wata sananniyar manhaja. In manhaja za ka sauke ko banki za ka shiga, gangara ƙasa zuwa sakamako na ainihi, ko ka rubuta adireshin da hannunka.

Mataki na 4: Tab

Nan ne aikin yake, don nan mutane suka fi wahalar da kansu. Kowane tab da ke buɗe yana cin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da na'ura ke aiki da ita, wasu ma suna ci gaba da jan data a ɓoye, to in suka taru sai laftof ta fara zafi fanka na ihu kai kuma kana zargin netwok.

Ga maɓallan da nake so hannunka ya saba da su. Ctrl da T sabon tab. Ctrl da W rufe wanda kake kai. Ctrl da Shift da T yana dawo da wanda ka rufe bisa kuskure, kuma in ka ci gaba da dannawa zai ci gaba da dawo da na baya, ko burauzar gaba ɗaya ce ta rufe yakan dawo maka da duk tagar, wannan in shi kaɗai ka koya a rubutun nan ka ci riba. Ctrl da Tab yana zagayawa da kai, Ctrl da 1 zuwa 8 yana kai ka tab mai wannan lambar, Ctrl da 9 kuma na ƙarshe. Sannan in kana karatu ka ga linki kana so ka duba amma ba ka son barin inda kake, riƙe Ctrl ka danna shi, ko ka danna da tayar tsakiyar mawus, zai buɗe a gefe ya jira ka. Kar ka ce za ka haddace su duka yau, ɗauki biyu ka yi ta amfani da su har su zauna sannan ka ƙara.

Shafukan da kullum kake buɗewa irin imel, danna dama a kan tab ɗin ka zaɓi Pin, zai ƙanƙance ya koma gefen hagu ya zauna. A wannan jerin dai akwai Mute na kashe sautin shafin da ke maka surutu, ka duba tab mai alamar lasifika shi ne mai laifin. Akwai kuma haɗa tab a rukuni ka ba su suna da launi, yana da amfani in kana bincike a kan abu biyu ko uku a lokaci guda, amma ni a ganina in abu ya kwana biyu a buɗe ba ka karanta ba to wurinsa bukmak ne, rufe shi.

A waya murabba'in nan mai lamba a ciki shi ne adadin tab ɗinka, a Chrome ta Android in suka haura 99 lambar ma ɓacewa take ta koma alamar murmushi. Taɓa shi, danna ɗigo uku, Close all tabs. Jan yatsa hagu ko dama a kan sandar adireshi yana sauya maka tab da sauri. Masu iPhone akwai saiti a Safari da ke rufe tsofaffin tab da kansa bayan kwana ɗaya ko mako ko wata, a kunna shi.

In kana tsoron rufe burauza don kar aikinka ya ɓace, je Settings, On startup, ka zaɓi Continue where you left off, gobe kana buɗewa za ka tarar da su yadda ka bari.

Mataki na 5: Bukmak da ajiya don karatu ba intanet

Ctrl da D ko taɓa tauraro yana adana shafi. Kuskuren shi ne a yi ta tarawa ba suna ba tsari har ya zama nema a ciki ya fi sake bincike wahala, don haka lokacin adanawa gyara sunan ya zama gajere wanda za ka gane, ka jefa shi a folda, uku ko huɗu sun isa. Ctrl da Shift da B yana fito da layin bukmak a ƙarƙashin sandar adireshi. Shafin bankinka da na imel su fara shiga nan, daga yau ta nan za ka riƙa shiga ba ta linkin da aka turo maka ba.

Bukmak adireshi kawai yake riƙewa fa, in an goge shafin shikenan. Abin da kake so ya zauna maka, kamar rasit ko shaidar rajista ko dogon darasi, danna Ctrl da P ka canza firinta zuwa Save as PDF. A Chrome ta Android kuma ɗigo uku sannan kibiyar da ke kallon ƙasa, zai sauke shafin ka karanta ko ba netwok. Ctrl da J na nuna abin da ka sauke, Ctrl da H tarihi.

Mataki na 6: Sauƙaƙa wa idonka

Ctrl da alamar tarawa na ƙara girman rubutu, da alamar ragi na ragewa, Ctrl da 0 ya mayar daidai, kuma burauzar na tuna girman da ka zaɓa wa kowane shafi. Ctrl da F na nemo kalma a cikin dogon shafi, a waya sunansa Find in page. Maɓallin sarari na gangarawa da kai ƙasa, Shift da sarari ya hauro. In talla da hotuna sun dabaibaye rubutu nemi yanayin karatu, a Firefox da Edge F9 ne a Windows, a Safari yana jikin sandar adireshi, zai share komai ya bar maka rubutu zalla, sai dai ba kowane shafi ke karɓa ba. Shafin da ke wani harshe kuma danna dama ka zaɓi Translate, fassarar inji ce, ta isa ka gane inda aka dosa amma kar ka sa hannu a wata yarjejeniya da ita. In wani fom ya ƙi cikuwa a waya ko wani maɓalli ya ɓuya, kunna Desktop site daga ɗigo uku.

Mataki na 7: Ƙwace izinin da ka bayar ba ka sani ba

Wannan matakin ina roƙonka kar ka tsallake shi. Shafuka na neman izinin turo notifikeshan, sanin inda kake, kyamara da makirfo, mutane kuma saboda sauri sai su danna Allow don akwatin ya kauce musu, daga nan sai waya ta fara kawo saƙonnin ka ci kyauta, ko wayarka ta kamu da bairos goma sha, ko hotunan da ba ka so iyalinka su gani a sikirin ɗinka, mutum ya ɗauka an yi masa kutse alhali shi ya buɗe ƙofar da hannunsa.

A Chrome ta kwamfuta je Settings, Privacy and security, Site settings, Notifications. A Android Settings sannan Site settings. A Firefox yana ƙarƙashin Privacy & Security wajen Permissions. Duba jerin waɗanda aka ba izini ka cire duk wanda ba ka gane ba, ni shawarata ma ka hana shafuka tambaya gaba ɗaya in ba kana amfani da wani kamar imel ko WhatsApp Web da kake buƙatar sanarwarsa ba. Ka yi haka ga Location da Camera da Microphone.

Ka riƙe wannan: shafin intanet ba ya iya duba wayarka ya gano bairos, duk wanda ya ce ya gano ƙarya yake, rufe tab ɗin kawai, kar ka kira lambar da suka sa, kar ka sauke abin da suka ce. Haka wanda zai ce danna Allow don tabbatar da kai ba mutum-mutumi ba ne. Akwai ma wani salo da ya fi muni, shafi ya ce don tabbatarwa ka danna maɓallin Windows da R ka liƙa wani abu ka danna Enter, wallahi kana yi ka ɗora wa kwamfutarka manhajar sata da kanka.

Sai karanta adireshi. Ainihin sunan shafi shi ne abin da ke daf da karkatacciyar sanda (/) ta farko bayan https://, ana karanto shi daga dama. facebook.com/login na Facebook ne, amma facebook.com.wani-abu.xyz/login na mai wani-abu.xyz ne, sunan Facebook ɗin ado ne kawai aka liƙa a gaba. Kafin ka danna linki a kwamfuta ɗora mawus a kai ka kalli ƙasa ta hagu za ka ga inda zai kai ka, a waya ka danne shi na ɗan lokaci. Alamar kwaɗo da https kuma abin da suke nufi shi ne ba mai leƙa abin da ke wucewa tsakaninka da shafin a hanya, ba shaida ba ce cewa mai shafin mutumin kirki ne, 'yan damfara ma suna da ita. Saboda wannan ruɗanin ne Chrome ta cire alamar kwaɗon a sigarta ta 117 a Satumban 2023 ta sa wata alama ta saiti a wurin.

Mataki na 8: Ekstenshan, kaɗan ya fi

Ekstenshan ƙananan manhajoji ne da ake ɗora wa burauza don ƙara mata aiki. Yawancinsu suna neman izinin karantawa da canza duk abin da ke shafukan da kake shiga, wato kamar ka ba baƙo makullin ɗakinka ne, kuma yakan faru mai ekstenshan ya sayar da shi ga wani, sabon mai shi ya cusa talla ko leƙen asiri a sabuntawa ta gaba ba ka sani ba. Don haka daga rumbun burauzar kawai za ka ɗauko, Chrome Web Store ko addons.mozilla.org ko na Edge, ka duba sunan wanda ya yi shi da yawan masu amfani da shi don akwai na jabu masu kama da suna. Rubuta chrome://extensions a sandar adireshi ka ga waɗanda ke kai yanzu, wanda ba ka tuna ka sa ba ko ka daina amfani da shi cire shi.

Guda ɗaya da nake sa wa kusan kowa shi ne mai toshe talla, uBlock Origin, shafuka na buɗewa da sauri kuma data na raguwa. Cikakkensa yana aiki a Firefox, ita Chrome tun 2024 ta fara kashe ekstenshan masu tsohon tsari don haka a can sai uBlock Origin Lite. Chrome ta Android ba ta karɓar ekstenshan sam, mafita ita ce Firefox ta Android wadda ke karɓa, ko Brave da ke zuwa da nata mai toshewar. Kar ka haɗa masu toshe talla biyu, karo suke yi. Kuma shafin da kake ƙaruwa da shi kullum ka ɗage masa toshewar, da tallan nan masu shi ke biyan ma'aikata.

Mataki na 9: Rage cin data da nauyi

Bidiyo shi ne babban mai cinye data, rubutu ba ya cin komai in aka kwatanta, don haka rage ingancin bidiyo zuwa 360p ko 480p a ƙaramin sikirin ya fi duk wata dabara tasiri. A Firefox wajen Autoplay zaɓi toshe sauti da bidiyo yadda ba abin da zai kunna kansa. A Chrome nemi Preload pages ka kashe in datarka ƙididdigagga ce, domin yana sauke shafukan da yake zaton za ka shiga tun kafin ka danna. Kar ka wahala neman Lite mode da tsofaffin darussa ke ambata, an cire shi tun 2022 da fitowar Chrome 100. In kana jona laftof da hotspot na waya, shiga saitin Wi-Fi na Windows ka kunna Metered connection don Windows ta rage jan data a ɓoye.

In netwok ɗin ya yi rauni ƙwarai Opera Mini na taimakawa, don shafin na fara bi ta sabar kamfanin a matse shi kafin ya iso gare ka, sai dai wasu shafukan kan karye a ciki, kuma ni ba na shiga banki ta nan.

Don nauyi kuma kunna Memory Saver a Chrome ƙarƙashin Performance, a Edge Sleeping tabs ne, suna sa tab ɗin da ka jima ba ka taɓa ba ya yi barci. Shift da Esc zai nuna maka wane tab ko ekstenshan ne ke shanye RAM ka kashe shi shi kaɗai.

Mataki na 10: Kukis, kash da tagar sirri

Kukis ƙananan bayanai ne da shafi ke ajiyewa don ya gane ka, su ne ke sa ba sai ka sake sa faswod kullum ba, kuma da irinsu kamfanonin talla ke bin sawunka. Kash kuwa kwafin hotuna da kayan shafi ne da burauza ke ajiyewa don kar ta sake saukewa gobe. Ctrl da Shift da Delete na buɗe wurin gogewa. Ka karanta akwatunan da kyau kafin ka danna, goge kukis zai fitar da kai daga akawun ɗinka, in kuma ba ka tuna faswod ba ka shiga uku. Masu goge kash kullum da sunan ƙara sauri kuma akasin haka suke samu, komai sai an sake saukewa da datarsu, a bari sai shafi ya rikice ko wuri ya cike.

Tagar sirri, wato Incognito a Chrome, InPrivate a Edge, Private a Firefox da Safari, ana buɗe ta da Ctrl da Shift da N, a Firefox Ctrl da Shift da P. Aikinta shi ne in ka rufe ba za ta bar tarihi da kukis a na'urar ba, ta dace da lokacin da ka ari kwamfutar wani. Amma kamfanin da ke ba ka intanet da mai Wi-Fi na ofis ko makaranta suna iya ganin shafukan da ka shiga, in ka shiga akawun ɗinka shafin ya san kai ne, abin da ka sauke da bukmak ɗin da ka yi kuma suna nan ba sa gogewa. Kuma sai ka rufe duk tagogin sirrin sannan take mantawa.

Mataki na 11: In shafi ya ƙi buɗewa

Bi su a jere kar ka yi tsalle. Fara da F5, in bai yi ba Ctrl da F5 wanda ke tilasta sauko da sabo ya ƙyale kash. Gwada wani shafin daban don ka san ko netwok ne. In sauran na buɗewa, gwada shi a tagar sirri, in ya buɗe a can to ko kukis ɗin shafin ne suka lalace ko wani ekstenshan ne ke tare shi, sai ka goge bayanan wannan shafin kaɗai ta alamar da ke gefen adireshi, ko ka riƙa kashe ekstenshan ɗaya-ɗaya har ka kama mai laifin. In har yanzu shiru, nan burauza ta biyun da na ce ka ajiye za ta yi aiki.

Lambar 404 na nufin shafin babu shi a wannan adireshin, duba ko ka yi kuskuren harafi. 500 ko 503 matsalar daga wajen masu shafin take, jira kawai za ka yi. In kuma kowane shafi na cewa haɗinka ba amintacce ba ne, duba kwanan wata da agogon na'urarka, in suka kauce haka ke faruwa, gyara su ka sake lodawa. In a shafi ɗaya ne kawai gargaɗin ke fitowa to kar ka tsallake shi ka sa faswod.

In abin ya wuce nan, misali shafin farko ya canza da kansa ko bincikenka na karkata zuwa wani injin da ba ka sani ba, je Settings, Reset settings, ka mayar da Chrome yadda ta zo, zai kashe ekstenshan ya goge kukis amma bukmak da tarihi da faswod ɗinka suna nan. A Firefox rubuta about:support ka danna Refresh Firefox. Bayan nan ka leƙa jerin manhajojin da ke kan na'urar ka cire duk wadda ta shigo a 'yan kwanakin da matsalar ta fara, in ba haka ba za ta sake canza maka saitin, sannan ka kunna ekstenshan ɗin da ka yarda da su kaɗai.